Gyaran Kasafin Kuɗin Gari A Tsakiyar Shekara Da Haƙƙin Baitulmali

A wannan mako za mu yi magana ne a kan abin da ya shafi aljihun ɗan kasuwa da albashin ma'aikaci, wato gyaran da hukumar gari kan yi wa kasafin kuɗinta bayan shekara ta yi nisa. Mutane da yawa da zarar sun ji an ce za a taɓa kasafi sai su ce ai an shirya cin kuɗi ne. Waɗansu kuma ba su ma san ana yi ba, sai dai su ga an tsayar da aikin magudanar ruwan unguwarsu, ko an ƙara musu kuɗin rumfa. Mu kuwa muna ganin gyaran ba laifi ba ne, wani lokaci ma wajibi ne. Amma yana da sharuɗɗa, kuma malamanmu na da sun daɗe da bayyana su.

Kasafin kuɗi ƙiyasi ne. Hukuma takan zauna kafin shekara ta kama, ta ƙiyasta abin da zai shigo da abin da za a kashe, majalisa ta amince, ya zama doka. A Nijeriya a da shekarar kuɗi takan fara ranar 1 ga Afrilu, amma daga 1981 aka mai da ita daga Janairu zuwa Disamba. Ba sabon abu ba ne a ƙasarmu, domin tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko aka kafa Baitulmalin En'e na farko a Katsina, daga nan ya bazu zuwa sauran masarautu, Ma'aji na riƙe da littafi. Bayan gyaran mulki na 1976 Ƙananan Hukumomi suka gaji wannan aiki. Yawansu ya kai 774, kuma kason da aka yanka musu daga asusun tarayya kashi 20.60 ne cikin ɗari. Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora musu kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da maƙabartu da kwashe shara, tare da sa hannu a ilmin firamare da kiwon lafiya. Ke nan kasafinsu ya fi na kowa kusa da talaka.

To, ƙiyasi ba wahayi ba ne, gaibu kuwa sai Allah. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta gina kasafinta a kan za a sayar da gangar mai dala 57, sai annobar korona ta zo, farashi ya faɗi, aka sake lissafi a kan dala 28, aka sa hannu a kan sabon kasafi a watan Yuli. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka ba da sanarwar janye tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki. Duk hukumar da ta ware kuɗin man motar shara a Janairu, kafin Yuli lissafinta ya rushe. A watan Yuli na 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa naira 70,000. A watan Satumba na wannan shekara dai madatsar ruwan Alau ta ɓalle, ruwa ya cinye unguwanni masu yawa a Maiduguri. Wane Ma'aji ne ya rubuta waɗannan a littafinsa tun farkon shekara? Wanda ya ce ba zai taɓa kasafi ba bayan irin waɗannan, ya zama kamar matafiyin da ya iske gada ta karye ya ce shi sai ta nan zai bi.

Muna da abin koyi a wurin Sarkin Musulmi Umaru ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi. A shekara ta 18 bayan Hijira fari ya afka wa ƙasar Hijaz, har aka kira ta Shekarar Toka. Umaru bai ce sai an bi tsarin bara ba. Ya jinkirta karɓar zakka daga waɗanda farin ya shafa har sai da ƙasa ta farfaɗo, ya aika wa gwamnoninsa su turo abinci, ya mai da Baitulmali wajen ciyar da mayunwata. Amma mu lura da inda ya fara ragewa. Da cikinsa ya fara, ya haramta wa kansa man shanu da nama har sai jama'a sun samu. Shugaban da zai sauya kasafi, wannan ita ce jarrabawarsa ta farko.

Gyaran kasafi iri uku ne. Na farko, kuɗin shiga ya gaza, sai an rage abin kashewa. Na biyu, kuɗi ya ƙaru ko wata bukata ta taso wadda ba a tanada ba, sai a kai ƙarin kasafi, wanda ake kira ƙwarya-ƙwaryar kasafi. Na uku, a ɗebi kuɗi daga wani sashe a kai wani sashe, jimla ba ta canza ba. Kowane ɗaya akwai maganar malamai a kansa.

Game da ragewa, Imam Mawardi, wanda ya rasu a shekara ta 450 bayan Hijira, ya yi wani rabo mai amfani a littafinsa Ahkamus Sulɗaniyya. Ya raba abin da ke kan Baitulmali gida biyu. Akwai abin da ake biya a madadin wani abu da aka riga aka karɓa, kamar albashin sojoji da kuɗin kayan da aka saya. Wannan bashi ne, ko akwai kuɗi ko babu yana nan a wuyan hukuma, ba ya faɗuwa. Akwai kuma abin da ake kashewa don maslaha da kyautata wa jama'a, wanda wajabcinsa ya rataya ga samuwar kuɗi. Idan muka auna hukumomin garuruwanmu da wannan ma'auni, albashin malamin firamare da mai shara da ma'aikacin ɗakin shan magani, da fanshon wanda ya yi ritaya, da kuɗin ɗan kwangilar da ya gama aiki aka karɓa, duk suna gida na farko. Sabuwar sakatariya da sababbin motocin ofis da shagulgula suna gida na biyu. Abin takaici shi ne sau da yawa mukan ga an juya abin: a riƙe albashi wata biyu ko uku, a bar ɗan kasuwar da ya kawo siminti bashi yana zarya, alhali ana ta buɗe sababbin kwangiloli. Shari'a ta kira jinkirta biyan bashi daga mai hali zalunci, hukuma kuwa ba ta fita daga wannan hukunci don ta zama hukuma.

A cikin gida na biyun ma akwai jeri. Malaman usulu, kamar Imam Shaɗibi, sun kasa maslaha uku: larura, sannan bukata, sannan ƙawa. Abin da ke tsare rai shi ne gaba, wato ruwan sha, maganin kwalara, yashe magudana kafin damina. Gyaran hanyar kasuwa bukata ce. Fentin shataletale ƙawa ne. Idan za a yanka, daga ƙawa ake farawa a hau sama. Wanda ya yanke kuɗin magani ya bar kuɗin fenti, ya sa wa jaki sirdin azurfa ya hana shi dusa.

Game da ɗiba daga wani sashe zuwa wani, malaman Hanafiyya sun ce Baitulmali ɗakuna huɗu ne: na zakka, na humusi, na haraji da jiziya, da na dukiyar da ba a san mai ita ba. Suka ce kada a gauraya su. Idan ɗaki ɗaya ya ƙare, shugaba yana iya ranta daga wani, amma da sharaɗin ya mayar idan kuɗi ya samu. Hikimar a fili take. Kuɗin da aka ware da suna ya zama alkawari ga waɗanda aka ware dominsu. In larura ta sa aka ɗauki kuɗin rijiyar wata unguwa aka kai wa waɗanda ambaliya ta raba da gidajensu, babu laifi, amma a rubuta, a sanar, a kuma sa rijiyar a sahun gaba a kasafi mai zuwa. Abin da ke ɓata wannan ƙofa shi ne yin ta a ɓoye, Ciyaman da Ma'aji su biyu, a ɗebe daga aikin jama'a a zuba a kuɗin tafiye-tafiye.

Dokar ƙasa ma ba ta yarda da ɓoye ba. Sashe na 81 na Tsarin Mulki ya ce idan kuɗin da aka ware ya gaza, ko wata bukata ta taso, sai Shugaban Ƙasa ya kai ƙarin ƙiyasi gaban majalisa. Sashe na 121 ya ɗora irin wannan a kan Gwamnan jiha. Ƙananan Hukumomi kuwa dokokin jihohinsu da ƙa'idojin kuɗi ne ke tsara musu, amma tushen ɗaya ne: wanda ya amince da kasafi na farko shi ke amincewa da gyaransa, wato majalisar kansiloli. Wannan ya dace da shawara da Alƙur'ani ya yi umarni da ita. Muna kuma tunatar da cewa a ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan Ƙananan Hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma kada a biya hukumar da ba zaɓaɓɓun shugabanni ke riƙe da ita ba. Manufar hukuncin ita ce a san wanda za a tambaya. Duk wanda kuɗi ya shiga hannunsa, shi ne zai amsa, a nan duniya da gobe ƙiyama.

Yanzu ga abin da ya fi damun 'yan kasuwa. Idan kuɗi ya gaza, hanya mafi sauƙi ga hukuma ita ce ta ƙara kuɗin rumfa da na tasha da na lasisi. Shin ya halatta? Imam Gazali da Shaɗibi sun halatta wa shugaba adali ya ɗora wa masu hali wani abu idan Baitulmali ya wofinta kuma bukatar ta tabbata, gwargwadon bukatar kawai. Tarihi ya nuna mana yadda ake aiki da wannan sharaɗi. Lokacin da Tattar suka doso Masar, kafin yaƙin Ainu Jalut na 1260, Sarki Ƙuɗuz ya so ya karɓi kuɗi daga jama'a don shirya runduna. Shehu Izzuddini ɗan Abdussalami ya ce ba za a taɓa dukiyar talakawa ba sai Baitulmali ya ƙare, kuma manyan sojoji sun sayar da kayan adonsu na zinariya da azurfa sun zama daidai da kowa. Idan an gindaya wannan sharaɗi abokan gaba suna bakin ƙofa, ina ga zaman lafiya? Saboda haka kafin a ƙara wa mai tebur ko kwabo, a nuna masa abin da aka rage daga alawus na manya, a kuma toshe ɓarakar masu karɓar kuɗi ba rasit. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Kitabul Farƙi ya lissafa karɓe-karɓen da ba su da tushe a cikin abubuwan da ya soki sarakunan zamaninsa a kai. Su kuma 'yan kasuwa, idan sharuɗɗan sun cika, to, su biya, su karɓi rasit, kada su haɗa baki da mai karɓa a raba.

Sai kuma idan kuɗi ya ƙaru, kamar yadda kason wata-wata ya ƙaru a lissafin naira bayan janye tallafin mai a 2023. Mawardi ya kawo saɓani a kan rarar Baitulmali: Abu Hanifa yana ganin a ajiye don abin da ka iya tasowa, Shafi'i kuwa yana ganin a kashe ta a kan maslahar jama'a. Babu wanda ya ce a raba ta tsakanin masu riƙe da ofis. Mu a ganinmu a fara da biyan tsofaffin basussuka da fansho, sannan a tanadi wani abu don damina da annoba, kamar yadda Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya tsara wa mutanen Masar su tara a shekarun yalwa don shekarun fari. Abin da ya saura a ƙarasa ayyukan da aka fara kafin a buɗe sababbi. Rarar da aka fito da ita a watan Nuwamba a ce sai an kashe kafin Disamba ta ƙare, ita ce aka fi yin ɓarna da ita.

Muna kira ga ma'aikata, musamman Ma'aji da akawun kuɗi da mai binciken lissafi: sa hannunku shaida ce. Kada ku rubuta kwanan watan baya a kan takardar da aka kashe kuɗinta tun kafin majalisa ta zauna. Ciyaman zai gama wa'adinsa ya tafi, takardar da sunanku za ta zauna. Muna kira ga kansiloli su karanta abin da aka kawo musu, su tambaya daga ina aka ɗebo, ina za a kai. Muna kuma kira ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa da limamai da masu unguwanni su nemi a liƙa gyararren kasafi a sakatariya da ƙofar kasuwa, da Hausar da kowa zai gane. Tambayar dukiyar jama'a ba rashin ladabi ba ce, domin sahabbai sun tambayi Umaru kansa a bainar jama'a, ya tsaya ya ba da amsa.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya ba mu ikon taimaka musu a kan gaskiya, Ya sa albarka a cikin kasuwancinmu da albashinmu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.