Ra'ayinmu: Kowa ya ɗauki nasa kason na laifi

Ranar 11 ga Satumba 2001, mutum 19 suka sace jiragen sama huɗu a Amurka, suka hallaka rayuka kusan 3000. Wanda ya zubar da jinin bayin Allah, alhakin yana wuyansa. Wannan ba abin jayayya ba ne. Amma abin da ya biyo baya, shi ma ya kamata a ɗora shi bisa ma'auni guda.

A Oktoba 2001 Amurka ta far wa Afganistan. Bayan shekara 20, a Agusta 2021, sojojinta suka fice, Taliban suka koma Kabul. A Maris 2003 aka abka wa Iraƙi bisa zargin tana ɓoye makaman ƙare dangi, alhali babu ɗan Iraƙi ko guda cikin waɗancan 19. Mu ƴan Nijar muna da dalilin tunawa, domin cikin hujjojin da aka kafa har da takardun da ke cewa Saddam Husaini ya nemi sayen yuraniyom ɗinmu. Jakada Joseph Wilson ya zo Yamai a Fabrairu 2002, ya koma ya shaida wa gwamnatinsa cewa da wuya maganar ta zama gaskiya. A Maris 2003 hukumar nukiliya ta duniya ta ce takardun na jabu ne. Duk da haka aka yi yaƙin, ba a ga makaman ba, kuma cikin tokarsa ƙungiyar Da'esh ta tsiro.

A 2011 jiragen ƙawancen NATO suka taimaka wajen kifar da Kaddafi. Rumbunan makamansa suka watse cikin hamada, arewacin Mali ya faɗi a 2012, wutar ta iso ƙofarmu. Mun binne sojoji 71 na Inates a Disamba 2019, da 89 na Shinagodar a Janairu 2020.

Masu cewa Musulunci ne tushen ta'addanci, sai mu tambaye su: wa ake kashewa? Masallata aka kashe a babban masallacin Kano a Nuwamba 2014. Masallata 44 aka kashe ranar Juma'a a Fambita, cikin jihar Tilaberi, a Maris 2025. Yaya za a tuhumi wanda aka yanka da laifin mai wuƙar?

To amma mu ma kada mu ruɗi kanmu da cewa duk sharri daga ƙetare yake zuwa. Boko Haram a Maiduguri ta tashi, ba jirgi ne ya sauke ta ba. Saurayin da ya ɗauki bindiga a dajin Liftako, sau da yawa rikicin gona da makiyaya ne da alƙali bai raba da adalci ba ya tura shi, ko ƙauyen da bai san hukuma ba sai ranar haraji. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Fataken Difa kuwa ba su manta da 2015 ba, lokacin da dokar ta-ɓaci ta tsayar da cinikin kifi da tattasai, talaka ya biya bashin da bai ci ba.

Saboda haka, ɗan ta'adda ya amsa laifin jinin da ya zubar. Manyan ƙasashe su amsa laifin yaƙe-yaƙen da suka tayar bisa ƙarya ko garaje. Mahukuntanmu su amsa laifin sakacin da ya bar karkara babu lakol, babu likita, babu shari'a ta gaskiya. Malamanmu kuma su ci gaba da faɗa bisa mumbari cewa kisan wanda bai ji ba bai gani ba haramun ne. Addinin mutane fiye da biliyan ɗaya da rabi ba ya cikin waɗanda za a gurfanar.