Salgar da ta Manta da Gurgu

A Oktoban 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jihar farko a Najeriya da ta daina bahaya a fili. Madalla. Sai dai a Birnin Kudu da Gwaram galibin salgar gidaje ta tsuguno ce. Wanda shan-inna ya shanye wa ƙafafu da rarrafe yake isa bakin ramin, tafin hannunsa a jiƙe, tsohuwa mai ciwon gwiwa kuwa sai an riƙe ta. Gyaran bai fi ƙarfin maginin unguwa ba: ya ɗaga mazauni da bulo kimanin santimita 45, kusan tsayin kujerar keken guragu, ya kafa ƙarfen dafawa a bango, ya faɗaɗa ƙofa yadda keken zai shiga.