Gobara Dabam, Cinna Wuta Dabam

'Yan'uwa talakawa, musamman ku 'yan kasuwa, akwai kalma guda da ake rufe mana baki da ita, ita ce gobara.

Ku dubi yadda muke faɗarta. Gobara ta tashi. Gobara ta ci rumfa. An yi gobara. Ita ke tashi, ita ke ci, ba a jin hannun kowa a cikin zancen. In aka ce gobara, abin da ya rage sai jaje, a ce Allah ya mayar da alheri, kowa ya kama gabansa. Haka ya kamata kuwa, in garwashi ne iska ta kwasa, ko fitila ta faɗi a kan tabarma.

Amma Bahaushe bai rasa wata magana ba. Yana cewa an cinna wuta, an banka wuta, an sa wuta da gangan. Wannan ba ta zama ita kaɗai, dole mai ji ya ce, wa ya cinna? Tambayar nan ita ce manya ba sa so.

Doka ma ta raba su. Dokar laifuffuka ta Arewa, wadda aka yi a 1959, ta kira abin ɓarna da wuta, ta ce wanda ya ƙone gidan zama, ko wurin ibada, ko wurin ajiyar kaya da gangan, ana iya yi masa ɗaurin rai da rai. Da wani ya watsa fetur a masallacin Larabar Abasawa ta ƙasar Gezawa a 2024, yana rikicin gado, mutum fiye da 20 suka rasu, ba wanda ya tsaya a kan gobara. An kama shi, an kai shi gaban alƙali, a 2025 aka yanke masa hukuncin kisa.

To, ina kasuwa? Sabon Gari ta Kano ta ƙone a 2016, rumfa dubbai. Babbar kasuwar Sakkwato da ta Katsina a 2021. Kasuwar Litinin ta Maiduguri a 2023. Ba mu ɗora wa kowa ko ɗaya ba, ba mu da al'adar ƙage. Abin da muka ƙi shi ne al'adar da aka saba a kasuwanninmu: tun toka ba ta huce ba wani mai babbar riga ya zo da 'yan rakiya, ya ce gobara ce, wayar lantarki ce. Yaushe ya bincika? Mai rumfa yana tsaye da bashin dila goma a wuyansa, an riga an yanke magana!

Muna so kowace kasuwa ta ƙone, a fito da sakamakon bincike a karanta wa 'yan kasuwa da Hausa, a faɗi rumfar da wuta ta fara, da masu gadin daren, da wanda aka ba filin bayan an share.