Shinkafa ba a ƙirga ta, aunawa ake yi

 

A watan Yuni na 2022, a taron Kigali, ƙasarmu Togo ta shiga ƙungiyar Kwamanwal tare da Gabon. Da can sai yaro ya kai kwaleji yake fara Ingilishi, amma daga 2023 an fara gwada shi a wasu makarantun firamare. Mu 'yan Zongo ma ba mu buƙatar taron Kigali ya gaya mana amfaninsa. Iyakar Aflawo tana bakin garin Lome, ɗan zemijan ya kai ka. Ka ƙetara, ciniki ya koma sidi da Ingilishi. To tunda ƙannenmu za su koye shi tun suna ƙanana, muna da magana a kan darasi ɗaya da muka ga yana kayar da su: sunayen da ake ƙirgawa da waɗanda ba a ƙirgawa.

Yadda aka saba shi ne malam ya raba allo biyu. Gefe ɗaya "book, goat, orange", ɗaya gefen "water, rice, sugar". Yara su rera, su kwafa, su hardace. Gobe ka tambayi yaro game da gishiri, wanda ba ya cikin jerin, sai ya yi tsuru-tsuru. Ya ce "two rices", aji ya fashe da dariya, wani lokaci har da bulala. Daga nan ya kulle bakinsa, ya yanke wa kansa hukunci cewa Ingilishi ba na ɗan makarantar Arabiyya ba ne. Wannan asarar ta fi maki biyu na jarrabawa.

Ra'ayinmu shi ne: yaron Zongo ya riga ya san wannan darasi kafin ya shiga aji. A fara masa daga abin da ya sani.

Ku duba gida. Inna ta aiki yarinya 'yar shekara shida ta ce, "Sayo ƙwai uku da shinkafa kwano ɗaya." Yarinyar ba ta taɓa dawowa da ƙwayar shinkafa ɗaya ba. Ta san ƙosai ƙirga shi ake yi, koko kuwa sai da ludayi. Ta san albasa guda-guda ce, manja sai kwalba, gawayi sai buhu ko leda. Ingilishi bai zo da sabon abu a nan ba: "three eggs", amma "a bowl of rice", "a bottle of oil", "a bag of charcoal". Ma'aunin ake ƙirgawa, abin da ke ciki yana nan yadda yake.

Ku duba kuma karatunmu na fiƙihu. A babin zakka na Risala ta Ibn Abi Zaid, dabbobi ƙirga su ake yi: raƙuma daga 5, shanu daga 30, tumaki da awaki daga 40. Hatsi kuwa awo ne: wusuƙi 5, kowane wusuƙi sa'i 60, kowane sa'i mudu 4. Zakkar fidda kai da muke gani kowace ƙaramar salla sa'i ɗaya ce ga kowane mutum, ba wanda ya taɓa zama ƙirga masarar. Ita kanta kalmar mudu daga Larabci muka samo ta. A nahawu ma malamanmu sun koya mana ismul jinsi kamar ma'u da labanu, wanda kaɗan ɗinsa da mai yawansa duk suna ɗaya suke amsawa. Sun nuna mana tamru, dabino a jimlace, da tamratu, ƙwaya ɗaya. Ingilishi da "a grain of rice" yake yin wannan aikin. Wanda ya iya waɗannan, wallahi bai kamata "rice" ta ba shi tsoro ba.

To ina wahalar take? Wuri biyu ne, kuma a nan ya kamata malam ya daɗe.

Na farko, tambaya. Da Hausa "nawa" ɗaya gare mu: awaki nawa, kuɗi nawa. Larabci "kam". Faransanci "combien". Harsuna uku duk kalma ɗaya, sai Ingilishi ya raba ta: "how many" ga abin ƙirga, "how much" ga abin awo. Haka "da yawa" ta rabu zuwa "many" da "much". Yaron da ya haɗa su ba daƙiƙi ba ne, harsuna uku ne suke jan sa gefe guda. In an faɗa masa haka ƙarara, rabin aikin ya ƙare.

Na biyu, kalmomin da ke yaudara. Muna cewa shawarwari da labarai, Faransanci na cewa "des conseils" da "des informations", amma Ingilishi ba ya sa wa "advice", "information" jam'i, kuma "news" duk da harafin ƙarshenta tilo ce. Haka "furniture" da "luggage", alhali a lakol an koya wa yaro "les meubles" da "les bagages". Burodi da muke saye guda-guda, "un pain", sai ka ce "a loaf of bread". Babbar cikinsu ita ce "money". Ɗan kasuwa ya wuni yana ƙirga sefa a Asigame, sannan a ce wa ɗansa kuɗi ba a ƙirga su! Ai dole ya ɗauka malam wasa yake. Sai an bayyana masa cewa "coins" da "francs" ake ƙirgawa, ita "money" sunan tarin ne. Waɗannan kam sai hadda. Amma goma sha wani abu ne ake yawan haɗuwa da su, kuma hadda ba baƙonmu ba ce.

Mun san akwai masu cewa kar a sa Hausa a ajin Ingilishi, wai kunnen yaro ba zai saba ba. Muna girmama wannan magana. Sai dai Ajurrumiyya ma da fassarar Hausa aka biya mana ita, kalma-kalma, kuma ba ta hana mu Larabci ba. Minti biyar na bayani ya isa, sauran lokacin a yi da Ingilishi zalla. Wasu kuma za su ce ajinmu akwai Kotokoli, Zabarmawa, Yarbawa da Fulani. Gaskiya ne. Shi ya sa muke cewa a kawo kayan kansu. Kwano, kwalba da tulin goro ba su da ƙabila.

Roƙonmu ga malamai ke nan: ranar wannan darasi a mai da tebur ya zama shago. A aza lemo, goro, ledar ruwa, kwanon gari, sukari. Wani yaro ya zama mai shago, wani mai saye. Kafin kowace kalma a tambaye su, "Wannan ƙirgawa ake yi ko aunawa?" In yaro ya ce "two waters", kar a yi masa dariya, a miƙa masa leda biyu a ce ya faɗi sunan ledar. Mu manyan ɗalibai kuma aikinmu yana gida: duk ƙanen da aka aika kanti, ya dawo ya lissafa mana sayayyarsa da Ingilishi. Iyayenmu mata ba sai sun iya harshen ba, su ne suka fara koya mana awo.