Matambayi Ba Ya Ɓata

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, sai dai asirinsa ya tonu. Wannan karin magana abin lura ne ga ɗalibai da ma'aikatan gwamnati na Limawa da sauran unguwannin Dutse, yanzu da neman gurbin karatu da neman aiki suka koma intanet.

Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta duka ta kwamfuta. A 2024 kuma aka buɗe neman rancen karatu na NELFUND, shi ma ta intanet. Ke nan idan ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse ya maƙale wajen cika takarda, babu wani magatakarda a gabansa da zai dubi fuskarsa ya gane damuwarsa. Abin da ya rubuta shi kaɗai za a gani.

Abin takaici shi ne, da yawa sukan rubuta cewa abu ya ƙi, a taimaka, su yi shiru. Wannan daidai yake da majinyacin da ya ce wa likita ba shi da lafiya, ya ƙi faɗin inda ke masa ciwo. Mai amsa sai ya sake tambaya, kwanaki su shuɗe, a rufe rajista, yaro ya yi asarar shekara guda.

Tambaya mai kyau takan bayyana abin da ake nema, da matakin da aka tsaya, da saƙon da na'urar ta nuna kalma da kalma, da abin da aka riga aka gwada. Kafin nan ma, wajibi ne a karanta ƙa'idojin da hukumar ta buga, domin sau da yawa amsar tana ciki. Sannan a kai tambayar ga hukumar da abin ya shafa, ba dandalin hira ba.

Sai kuma maganar asiri. Cikakken bayani bai haɗa da lambar BVN ko ta NIN ko kalmar sirri ba. Wanda ya baza su a bainar jama'a ya buɗe wa mazambata ƙofa da hannunsa.

Don haka ya kamata Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Jigawa ta sa malamai su koya wa ɗalibai rubuta tambaya, kamar yadda ake koya musu rubuta wasiƙa. Ma'aikatan da aka ɗora wa amsawa kuma su amsa a kan lokaci, cikin ladabi, domin haƙƙin jama'a ne.