Magira Tana Jiran Marubuci

Kwanakin baya ɗan ƙanwata, yaro ɗan shekara goma sha uku, ya shigo gida nan Moursal riƙe da wani tsohon littafi na Faransanci da ya tsinta wurin masu baza littattafai a bakin titi. Kwana biyu ya yi bai ɗaga kai ba. Labarin wani yaro ne mai kiwon alade da ya tasar wa wani mugun sarki, da wata tukunya mai tayar da matattu su zama mayaƙa. Da ya gama sai ya tambaye ni, cikin Larabcin Chadi, don shi ne ya fi kama bakinsa: "Kawu, mu ba mu da irin waɗannan labarai ne?" Na ce muna da su. Ya ce in nuna masa littafin. Nan na yi shiru.

Littafin da ya karanta ɗaya ne daga cikin biyar da wani Ba'amurke, Lloyd Alexander, ya wallafa tsakanin 1964 da 1968. Ba daga kansa ya ƙago tukunyar ba. Ya ɗebo ta ne daga tsofaffin hikayoyin mutanen Wales, wata ƙaramar al'umma a yammacin Birtaniya mai harshenta daban da Ingilishi. Hikayoyin, waɗanda ake kira Mabinogion, sun tsira ne a cikin kundaye biyu na rubutun hannu, Farin Littafi da Jan Littafi, na wajen ƙarni na 14. Sun daɗe kwance sai masana kaɗai ke taɓa su, har Charlotte Guest ta fassara su zuwa Ingilishi tun daga 1838. Daga nan marubuta suka yi musu caa. Evangeline Walton ta mai da rassa huɗu na hikayar littattafai huɗu, na farko ya fito a 1936 bai yi kasuwa ba, sai da aka sake buga shi a 1970 duniya ta waiwayo. Alan Garner, a 1967, ya ɗauki labarin matar da aka ƙera da furanni aka kuma mai da ita mujiya, ya saka shi a rayuwar matasa uku na zamaninsa. Kamfanin Disney ya yi fim da tukunyar a 1985.

Wanda ya karanta waɗannan hikayoyi zai ji kamar a tsakar gidan kakarsa yake. Akwai sarki ƙato wanda babu ɗakin da ya taɓa ɗaukarsa, ya ratsa teku da ƙafa don ya ceto ƙanwarsa daga gidan mijin da ya wulaƙanta ta. Akwai sarauniya Rhiannon da masu reno suka shafa wa jini a baki tana barci, suka ce ta cinye jaririnta. Wace Bahaushiya ce ba ta san irin wannan sharri a tatsuniyar kishiyoyi ba? Ba su fi mu kaya ba. Abin da suka samu shi ne marubutan da suka zauna da tsohon labari, suka tambaye shi abin da ya ƙi faɗa.

Mu kuwa gwanayen aro ne, kuma ba zagi nake yi ba. Abubakar Imam, wanda Ruwan Bagaja nasa ya fito a 1934 bayan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya, ya ɗebo labarai daga Alfu Laila da Turai da Indiya ya zuba a Magana Jari Ce, ya yi musu wankan Hausa har babu mai ganin ɗinkin. Ahmadu Ingawa ya ɗauko jarumin mutanen Rasha ya mai da shi Iliya Ɗan Maiƙarfi. Har yau a Kano ana rububin littattafan yaƙi irin na Abdulaziz Sani Madakin Gini, masu cike da matsafa da aljanu da takubba, wato masu karatu suna nan, ƙishirwar tana nan. Sai dai ka duba inda yawancin irin waɗannan labarai suke faruwa: Misra, birnin Kisra, ƙasar Hindu, ko wani birni mai suna da amon Larabci. Dutsen Dala yana tsaye a tsakiyar Kano, marubuci yana hango shi daga tagarsa, amma sai ya tura jaruminsa Farisa.

Ku ɗauki labarin Bayajidda. Kowa ya san ƙashin bayansa: ya fito daga Bagadaza, ya sauka Borno, ya auri 'yar Mai, ya gudu da aka raba shi da mayaƙansa, maƙeran Gaya suka yi masa wuƙa, ya isa Daura da dare, ya kashe macijin rijiyar Kusugu, ya auri Daurama. Ana ba da shi cikin minti biyar, a wuce zuwa lissafin Hausa bakwai. To amma a kan hanya, a Garun Gabas, ya bar matarsa Magira da ciki. 'Yar sarki ce, ta bar gidan ubanta ta bi baƙo, shi kuma ya yi gaba bai waiwayo ba. Me ta gaya wa ɗanta da ya girma ya tambayi ubansa? Yaya ta ji ranar da fatake suka kawo labarin cewa mijinta ya zama angon sarauniya a yamma? Ga tsohuwa Ayana, wadda ta ba baƙo masauki ta ce masa ba a samun ruwa sai ranar Juma'a. Ga Bagwariya, kuyangar da aka ba shi, ta haifi ɗa ta sa masa suna Karɓagari, suna da shi kaɗai ya isa babi guda. Ga mutanen gari da suka shekara nawa suna tsoron maciji, har tsoron ya zame musu tsarin rayuwa; wa ya ce kowa ya yi murna da mutuwarsa? Irin wannan giɓi ne Walton ta shiga ta fito da littattafai huɗu.

Mu mazauna Chadi muna da haƙƙi na musamman a wannan labari, domin ta Borno ya bi, ta gefen tafkinmu. Muna kuma zaune a ƙasar Sao, ƙattan da ake cewa ɗayansu kan saɓa giwa a kafaɗa, waɗanda tukwanensu ke nan a Gaoui, ɗan tafiya kaɗan daga Njamena, har ƙungiyar ƙwallon ƙasa ta ɗauki sunansu. Tarihin Kano ma da irin wannan ƙato ya buɗe, maharbi mai kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka. Yaron da ya tashi a bakin kogin Shari, yana jin Hausa a ɗaki, Larabci a kasuwa, shi ne ya fi kowa dacewa ya haɗa Barbushe da Sao a littafi ɗaya. Bakano ba zai yi tunanin haka ba.

Na san abin da wasu dattawa za su ce: Tsumburbura tsafi ce, me ya kai Musulmi tono ta? Ina girmama wannan tsoro, amma ban yarda da shi ba. Malami Musulmi ne ya rubuta Tarihin Kano, da Larabci, ya kawo Barbushe da abin bautarsa, ya kuma kawo yadda aka rushe su, bai ga imaninsa ya ragu ba. Kundayen Wales ma Kiristoci ne suka kwafe su. Tatsuniya tun asali ba ta yaudarar kowa, da bakinta take cewa ƙarya ce a ƙarshenta. Masu cewa za a ɓata tarihi kuwa, ai labarin Bayajidda bai taɓa zama da baki ɗaya ba. Na Daura daban, na Hadeja daban.

Abin da ya fi damuna wani ne, kuma a Wales ɗin na gan shi. Duk littattafan da na lissafa da Ingilishi aka rubuta su, Walton da Alexander ma Amurkawa ne. Hikayoyin sun zaga duniya, harshen da ya haife su yana ta fama: ƙidayar 2021 ta nuna masu jinsa a Wales ba su kai kashi 18 cikin ɗari ba. A tsohuwar hikayar, gawar da aka jefa cikin tukunya takan tashi da safe da ƙarfinta, ta yi yaƙi, amma ba ta magana. Haka nake ganin labarin da aka tayar a bakin wasu. Mun riga mun ɗanɗana. Abdoulaye Mamani ya rubuta Sarauniya ta Lugu a 1980, da Faransanci, Med Hondo ya yi fim ɗinta a 1986, aikin kirki ne ƙwarai, amma jikokin Aznan da suka yi yaƙin 1899 nawa ne suka iya karanta littafin? Fim ɗin Amina ta Zazzau da ya fito a Netflix a 2021 da Ingilishi ta yi sarauta. In muka yi jinkiri, wani zai rubuta Magira a Paris ko Landan, ya ci lambar yabo, 'ya'yanmu su sayo fassarar a bakin titi.

Saboda haka da Hausa nake so a rubuta, Hausar da muke yi a nan, ko da ta sha Larabci da Barbarci. Ba a buƙatar maɗaba'a kafin a fara. Marubutan Kano mata sun nuna cewa ana iya sakin littafi babi-babi a WhatsApp da Facebook, jama'a su bi shi dare da rana. Wanda ba ya karanta boko sai a karanta masa a murya a tura.

Daren da yaron nan ya tambaye ni, da aka ɗauke wuta muka fito tsakar gida, na ba shi labarin Bayajidda da Hausa, ina tsayawa ina fassara masa "guga" da "ƙuyanga". Da na kai Daura ya tare ni, ya ce, "Kawu, tsaya. Matar da ya bari fa?" Na ce labarin bai faɗa ba. Ya ce to shi zai faɗa. Na saya masa littafin rubutu mai shafi ɗari washegari, da sharaɗi ɗaya, wanda har yanzu muna ja-in-ja a kansa, don ya ce rubutun Hausa na yi masa wuya wajen ƙ da ɗ.