Yaron da ke son goge, a ina zai yi bita?



Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai koyon goge ya san kukan farko ba shi da daɗi ko kaɗan, sai ka ce ƙyauren da ya shekara bai ga mai ba. A kan wannan kukan za mu yi magana, domin a ganinmu a nan ne koyon goge yake mutuwa, daga nan Zuru har Kano. Masu iya kiɗan ba su ƙare ba tukuna. Gidan da zai haƙura da yaro yana ɓata sauti kullum har ya gyara, shi ne ya yi wuya.

Sai mun san kayan kafin mu gane dalili. Goge ƙwarya ce aka rufe da fatar guza, aka soke ta da sanda, aka ɗaura tsagiyar doki ta bi ta kan ɗan itacen da masu sana'ar ke kira jaki. Abin gogawar ma izgar doki ce, ana shafa mata ƙaro don ta kama. Tsirkiya ɗaya tak. Babu wata alama a jikin sandar da za ta nuna wa yaro inda zai sa yatsa, kamar yadda jita take da layuka, kuma yatsun ba sa danne tsirkiyar har ta taɓa sanda, taɓa ta kawai suke yi. Kunne ne jagora. Yatsa ya goce kamar faɗin gashi, sauti ya karkace. Da damina fatar takan saki, sai an shanya ta a rana ko an kara ta a gefen wuta. Malami zai iya nuna wa yaro duk wannan a yini guda, amma ba zai iya zuba masa shi a yatsu ba. Wannan aikin maimaici ne, kullum, wata da watanni. Irin hannun da muke ji a kaset ɗin Garba Liyo, ko a kukumar Garba Supa da Hassan Wayam da Ahmadu Doka, ba a zaman mako-mako aka same shi ba.

A da ba a raba darasi da bita, saboda gidan ne makarantar. Yaron da ya tashi a gidan makaɗa, ko ya bi wani ubangida, yakan fara da ɗaukar kaya, ya koma kiɗan ƙwarya da amshi, ya shekara yana jin take ɗaya har ya zauna masa a kai. Maigida na ajiye goge ya shiga barci, yaro ya ɗauka ya lallaɓa bayan ɗaki. Ba wanda zai ce masa ya dame mu, don kowa a gidan ta nan ya bi.

Wannan gidan ne ya rushe. Goge ya daɗe da baƙin jini a ƙasar Hausa saboda alaƙarsa da bori da gidajen giya, kuma malamai suna sukarsa tun zamanin jihadin 1804. Da Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a 1999, wasu jihohi har da Kebbi suka biyo baya a 2000, wuraren wasan suka ƙara raguwa. Sai kuma ga situdiyo, inda yaro ɗaya da fiyano zai kwaikwayi ƙungiya guda. Ɗan makaɗin ma yanzu makaranta yake, ko kan babur yana neman na abinci.

Turawa ma suna da nasu gogen, bayolin, mai tsirkiya huɗu, da yayansa biyola wanda ya ɗan fi shi girma da kaurin murya. Su ma babu layuka a jikinsu, su ma kukan mai koyonsu na kore maƙwabta. Wani malami ɗan Jafan, Shinichi Suzuki, wanda ya rayu daga 1898 zuwa 1998, ya lura cewa kowane yaro yana iya harshen uwarsa ba tare da an yi masa jarrabawar basira ba, don kawai yana jinsa kullum a gida. Sai ya gina koyarwarsa a kan haka: yaro ya fara tun yana shekara 3 ko 4 da ɗan ƙaramin bayolin daidai hannunsa, ya riƙa sauraron kiɗan kafin a nuna masa rubutunsa, kuma uwa ko uba su zauna a darasin don su ne za su kula da bitar sauran kwanakin mako. Ku duba da kyau, tsarin gidan makaɗanmu ne, aka ba iyayen da ba makaɗa ba. Ba sai mun je Jafan ba ma. A littafin da Jacqueline DjeDje ta fitar a 2008 kan goge a Afirka ta Yamma, an ga yadda Dagombawan arewacin Gana suka mai da shi kiɗan fada, zuri'a na koya wa 'ya'yanta cikin mutunci. Kaya iri ɗaya, daraja daban.

Mun san akwai gidajen da suka riƙi fatawar haramcin kayan kiɗa masu tsirkiya. Ba da su muke ba, kuma wannan zauren ba wurin fatawa ba ne. Muna magana ne da wanda zai ƙure rediyo in an sako kukuma, ya yi liƙi a wurin biki, amma ranar da ɗansa ya shigo da ita gida ya ce maroƙi ba zai fito a zuri'arsa ba. Ana son nono ana ƙin saniya.

Zuru na da abin da zai sauƙaƙa wannan. Gari ne da Musulmi da Kirista ke gida ɗaya, kuma muna gani da idonmu yadda matasan coci ke koyon fiyano da jita, ba don sun fi kowa basira ba sai don suna da wuri da lokacin gwaji da ba mai korar su. Bikin Uhola na tara masu kiɗa da rawa a gaban manyan ƙasa, ba a ɗauke shi abin kunya ba. Kuma mutanen da suka san golmo, inda saurayi ke shekaru yana noma a gonar surukai kafin a ba shi mata, ba su ne za a koya wa jiran abu mai nisa ba.

Abin da gida zai yi ba shi da yawa. A fara da kukuma, ita ce ƙarama, ta fi dacewa da hannun ɗan shekara 8. A ware minti 20 kullum a lokaci ɗaya, ko bayan la'asar, ya fi awa 3 ranar Asabar kaɗai, domin yatsa mantuwa gare shi. Makonnin farko kada a nemi take, a bar shi ya ja izga a hankali daga tushe zuwa ƙarshe har sautin ya daina karkarwa. A ɗauki malamin a waya yana kaɗa abin da ya bayar, yaro ya saurara kafin ya taɓa kayan. Uwa ba sai ta iya kiɗa ba. Ta san dai abin da aka ba shi wannan makon, ta ce sake, kuma ta hana yayyensa yi masa dariya. Dariyar nan ta fi tsadar kaya kashe koyo.

Saura namu ɓangaren. A littattafai da yawa, da marubuci ya so nuna jarumi ya lalace sai ya kai shi gidan da goge ke tashi, mai gogen kuwa ko suna ba a ba shi. Wanda yake neman labarin da ba a tauna ba, ga shi nan: yarinyar da ke ɓoye kukumar ƙanenta a cikin buhun dawa, ko tsohon makaɗin da 'ya'yansa duka suka ƙi gado sai ɗan maƙwabci ke leƙowa ta katanga. Amma kafin a rubuta, a nemi mai goge a zauna da shi yini guda, a tambaye shi wa ya koya masa, a ina ya yi bita, da kuma ko akwai yaro a hannunsa yanzu. Wanda ya samo amsa ya ajiye mana ita a ƙarƙashin wannan rubutu, da sunan garin.